Rijiyar Ta Rayu Ba Tare Da Ni Ba

Zuwa ga Hajiya 'Yargata,

Assalamu alaikum. Hajiya, don Allah ki taimake ni da shawara, domin damuwata irin wadda in ka faɗa wa mutane sai su yi maka dariya ce. Ba bala'i ne ya same ni ba. Bala'in da na yi wata biyar ina jira ne bai zo ba, kuma tun ranar da na ga bai zo ba na rasa yadda zan yi da kaina. Sau uku ina fara wannan wasiƙa ina yagawa. Wannan karon zan bar ta yadda ta zo, ki yi haƙuri da tsawonta. Sunayen da za ki gani duk na canza su.

Ni mutuniyar Adar ce, shekarata hamsin da ɗaya, ma'aikaciyar gwamnati. Shekara goma sha huɗu ke nan da na zo Arlit, na biyo maigidana Malam Halidu, wanda yake tuƙa kar, wato babbar motar da ke kai ma'aikata ramin ma'adini. Da aka rufe ramin da yake wa aiki, ya yi watanni yana zaune a ƙofar gida yana kallon hanya. Daga baya ya kwashe yaran ya koma Tawa, ya buɗe ɗan shagon kayan mota. Ni na zauna, saboda a daidai lokacin ne aka ba ni shugabancin sashen da ke kula da ruwan garake, wato lambuna, da dashen itatuwa.

Babban abin da aka danƙa mini shi ne wasu garake a bakin wata ƙorama, kilomita goma sha biyu a hanyar Dannet. Gida arba'in da shida ke ci a wurin. Rabinsu tsofaffin ma'aikatan ma'adini ne, mutanen Maraɗi da Damagaram da suka ce ba su da abin komawa gida da shi. Sauran Abzinawa ne da fari ya cinye musu dabbobi. Dukkansu rijiya ɗaya ce gare su, babba ta siminti, da injin da ke jan ruwa da hasken rana, da tanki ɗaya. Makiyayan da ke kewaye su ma nan suke shayar da raƙuma da awaki.

Kafin in kama aiki an tura mu Agadas, mu shugabannin sarwis, wato sassan aikin gwamnati, wajen talatin, muka yi sati guda a ɗaki mai sanyi ana koya mana abin da suka kira shugabanci mai ɗorewa. Har yau nakan tuna hirar da muke yi wajen cin abinci. Wani ya ce abin bai wuce dasa itatuwa ba. Wani ya ce a'a, sola ce, a cika ko'ina da sola. Wani dattijon darakta da ya kusa ritaya ya ce kalma ce da ake sakawa sau goma a cikin rahoto don masu ba da tallafi su yi murmushi. Ni dai na san abin da na ɗauka. Na ga abin da ya faru da unguwarmu ranar da abin da kowa ya jingina da shi ya rufe. Na ga maza da suka yi shekara ashirin a ƙarƙashin ƙasa suna sayar da tukwanen matansu. Sai na ce a raina, wannan rijiyar ba za ta mutu a hannuna ba, ko da jikina ne zan tare ta.

A shekara ta biyu na lura ruwan yana ja da baya. Kowace Litinin nakan zura igiya mai ƙulli-ƙulli da guntun ƙarfe a bakinta, in ƙirga ƙulli nawa suka shige kafin ƙarfen ya taɓa ruwa. Da farko goma sha ɗaya ne. Bazarar da ta biyo ya zama sha uku. Damina ta zo ta wuce bai koma inda yake ba. Sai na kafa doka. Ba a ƙara fili ko taku ɗaya. Injin zai yi aiki daga ƙarfe takwas zuwa sha biyu kawai, a gabana. Ranar Laraba ruwan na dabbobi ne. Na sayo kwaɗo na garƙame ɗakin injin, makullin kuwa ya koma cikin jakata.

Hajiya, na sha baƙin jini. Akwai wani Alhassane, tsohon shugaban ma'aikata a rami, mutum mai babbar murya wanda in ya yi magana kowa yake sauraro. 'Ya'yansa biyu sun dawo daga haƙar zinariya hannu biyu, yana son a yanka musu fili. Ya kwashi mutane suka kai ƙarata wurin shef ɗinmu, wato shugaban da ke sama da ni. Shi kuma shef dama yana son a ƙara fili talatin, don ana sa ran baƙi daga Yamai, yana son su ga abu ya yi girma. Takardar ba ta wucewa sai da sa hannuna, ni kuwa na ƙi sa hannu. Wata huɗu shef yana amsa gaisuwata da ka. Aka karɓe babur ɗin sarwis aka ba wani sashe. Na koma hawan kabu-kabu, wato babur ɗin haya, kullum, har Asabar da Lahadi, tunda shuka ba ta san ranar hutu ba. A garake suka sa mini suna Madam A'a. A kasuwa matansu sukan auna mini tumatir ba tare da sun dube ni ba.

Ina da mataimaki, Ismaghil, Ba'abzine ne ɗan shekara arba'in da wani abu, mai ƙarancin magana, ya san injin fiye da ni. Sau biyu yana ce mini in bari a yanko makulli na biyu, ko don ranar da ban ji daɗi ba. Sau ɗaya kuma ya ce ban-ruwan hantsi asara ne, rana ke shanye rabi, gara a cika tanki a bari sai la'asar. Duk na ƙi. Zan gaya miki gaskiya tunda ba ki san ni ba: kawunninsa suna cikin makiyayan, sai na riƙa tunanin in ya samu makulli zai buɗe musu a bayan idona. Ban taɓa kama shi da komai ba. Zargi ne kawai, na riƙe shi shekara biyu da rabi.

A watan Fabrairun da ya wuce, muna kan hanya da safe, mai kabu-kabu ya kauce wa wata kamiyo, wato babbar motar kaya, tayar babur ta nutse a rairayi, muka faɗi. Shi ya tashi da ƙujewa. Ni ƙashin ƙuguna ya karye. Daga asibitin nan Malam Halidu ya zo ya ɗauke ni zuwa Tawa, aka yi mini aiki. Sai a kwana na uku bayan aikin, ina neman carbina a cikin jaka, hannuna ya taɓa makullin.

Ban san yadda zan kwatanta miki abin da na ji ba. Jinina ya hau har likita ya ce wa maigidana ya raba ni da waya. Ya raba ni da ita kuwa, kuma Malam Halidu in ya riƙe magana ba a kwance ta. Duk wanda ya kira daga Arlit sai ya ce masa ina samun sauƙi. Ni kuma in na tambaye shi sai ya ce sun ce lafiya lau. Na san mutanena. Na san za su fasa kwaɗon, na san za su saki injin daga safe har faɗuwar rana, ga bazara ta shigo. Ina kwance ina kallon rufin ɗaki ina lissafin kwana nawa rijiyar za ta kai. Har na shirya maganar da zan yi wa gida arba'in da shida in na koma na tarar da busasshen fili.

A watan Yuli na dawo, da sanda. Ismaghil ya aro motar wani ɗan'uwansa ya ce zai kai ni. Duk hanya tsoro ya hana ni tambayarsa komai. Da muka hau ɗan tudun da ake hango garaken daga kansa, na ga kore. Na ɗauka idona ne. Na ce ya tsaya. Na fito na dogara da sanda na duba sosai: zogale ne da kuɓewa da harawar dabbobi, ga mata suna tsinkar ganye.

Wata tsohuwa mai suna Fadimata, Ba'abziniya mai garka kusa da rijiyar, ita ta zaunar da ni a inuwa ta ba ni labari, Ismaghil yana cike mata inda Hausarta ta gaza. Duk abin da na ji tsoro ya faru. Sun jira ni kwana biyu, a na uku Alhassane ya sa guduma ya fasa kwaɗon. Kwana goma sha takwas injin yana aiki ba hutu, har an share sababbin filaye. Ismaghil ya yi magana ba wanda ya saurare shi, ya je wurin shef, shef ya ce a bar mutane su yi noma. Sai ruwan ya fara zuwa da laka. Injin ya zuƙi rairayi ya tsaya. Kwana tara ba ruwa, a tsakiyar zafi, kafin a samo mai gyara daga Cirozerin. Shukoki suka ƙone. Ita Fadimata lemun tsami talatin ta dasa, shekararsu uku, bana za su fara 'ya'ya. Ta yi ta jigilar ruwa da jaki daga wata rijiya mai nisa, shida kawai ta iya cetowa.

Ranar da aka gyara injin, kafin a kunna, tsohuwar nan ta fito da igiyar da ta tuƙa da hannunta, da ƙulli-ƙulli irin nawa. Ashe duk Litinin ɗin da nake awo tana zaune a gefe tana ƙirgawa tare da ni a zuci, da yarensu. Ta san goma sha ɗaya, ta san sha uku. Ban taɓa nuna mata ba, ban ma taɓa lura da ita ba. Ta miƙa wa Alhassane igiyar ta ce shi zai zura, shi zai ƙirga da babbar muryarsa kowa ya ji. Ya ƙirga goma sha shida.

Kwana uku suka yi suna zama, masu garake da dattawan makiyaya, Ismaghil yana fassara. Dokar da suka fito da ita ta fi tawa tsanani. Sababbin filayen an daina noma su, 'ya'yan Alhassane suka raba nasa da shi. Injin yana cika tanki da rana, ban-ruwa sai bayan la'asar da sassafe. In igiya ta wuce ƙulli goma sha huɗu kowa zai bar kashi ɗaya cikin uku na garkarsa ba ruwa. Awo duk Litinin a gaban jama'a, kowane sati da mai zura igiya daban. Makulli uku: ɗaya wurin masu garake, ɗaya wurin makiyaya, ɗaya na biro, wato ofishinmu. Ranar da na je Litinin ce. Aka zura a gabana, goma sha uku, a ƙarshen bazara, kuma shukar ta fi yadda take a hannuna kyau.

Na yi kuka, Hajiya, a gaban kowa, ni da suke ce wa ba ni da hawaye. Fadimata ta dafa kafaɗata ta ce, da irin Hausarta, "Madam, kai ka tafi da makulli, amma mu ne muke shan ruwan." Alhassane ya zo ya durƙusa ya gaishe ni da jiki, sannan ya ce, "Mun ga abin da kike gani." Ismaghil ya ciro makullin biro ya miƙo mini. Na ce ya riƙe.

Tun ranar nan wani nauyi ya sauka daga kaina wanda ban ma san ina ɗauke da shi ba. Ciwon kan da na yi shekaru ina sha wa magani ya tafi. Ina cin abinci in ji daɗinsa. Litinin kawai nake zuwa garake, a shimfiɗa mini tabarma, a ba ni shayi, in kalli awo kamar baƙuwa. To ga abin da ya sa na rubuto.

Shef yanzu ya zama mai alfahari da ni. Za a yi taro a Yamai nan da wata biyu kan shugabanni da ɗorewar ayyuka, ya ce ni zan je in ba da labarinmu. Har ya rubuta rahoton da kansa. A ciki an ce na horar da jama'a sannu a hankali, na miƙa musu aiki bisa tsari. Babu faɗuwata, babu makulli a jaka, babu kwana tara, babu sunan Fadimata. A shafi na ƙarshe ya saka 'yar magana cewa tunda abin ya yi kyau a ba mu tallafin faɗaɗawa, amma wannan ba shi ya fi damuna ba. Abin da ke damuna shi ne in tsaya a gaban manya in karɓi yabon da ba nawa ba. In kuma na faɗi gaskiya, na tona wa kaina asiri, na kunyata shef, bayan da ƙyar muka shirya.

Na biyu, Malam Halidu ya ce in nemi a mayar da ni Tawa. Ya ce shekara huɗu sun isa, autarmu Ilham za ta yi jarrabawar ƙarshe ta lise, wato sakandare, baɗi, kuma ta girma ba uwa a gida. Ina so in tafi, wallahi ina so. Amma wannan son da nake ji shi ke ba ni kunya. Ashe dama jira nake a sauke mini? Wani lokaci kuma, kar in ɓoye miki, sai in ji wani ɗan ɗaci in na ga komai yana tafiya ba ni. Sai in ce to wahalar shekara biyu da rabi da ƙashin da na karya na mene ne, tunda tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba ta fi ni iyawa? Ko dai ni ce matsalar tun farko?

Ki gaya mini abin da ya dace, ko da ba zai yi mini daɗi ba.

Taki,
'Yar Adar a Arlit

Amsa

Wa alaikis salam, 'yar'uwa. Sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi, Ya mayar da abin da ya same ki kaffara.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don na ga ita ce ke cizon ki. A'a, ba ke ce matsalar ba, amma kina da naki laifin, kuma ke da kanki kin faɗe shi tun kafin in buɗe baki. Kin yi daidai da kika ƙi sa hannu. Da kin sa, da fili talatin sun hau kan rijiyar nan tun shekara biyu da suka wuce, da yau babu abin da za a yi taro a kansa. Wannan aiki ne da babu wanda zai iya yin sa sai mai riƙe da alƙalamin, kuma kin biya kuɗinsa da baƙin jini da ƙafarki. Igiyar Fadimata ma daga ina ta fito? Da ba ki yi Litinin ɗari da wani abu kina awo a rana ba, da ba ta san akwai abin da ake ƙirgawa ba. Saboda haka ki daina cewa ta fi ki. Ta ɗauki abin da kika sani ta kai shi inda ba ki kai ba.

Inda kika yi kuskure shi ne kin bar ilimin a cikinki kamar yadda kika bar makullin a jaka. Kin ba mutane doka, ba ki ba su dalili a hannu ba. Mutumin da aka ce masa "a'a" shekara biyu ba tare da ya ga ƙasan rijiya da idonsa ba, ranar da ya samu guduma zai yi amfani da ita. Ba na wanke Alhassane, kuma ba na wanke shef ɗinki da ya ce a bar su. Amma kwana taran nan da rabonki a ciki. Lemun tsami ashirin da huɗu na wata tsohuwa sun mutu. Ki je ki same ta ita kaɗai, ba ranar awo ba, ki ce mata ki yafe mini. Sashenku ne ke kula da dashe, ki ga yadda za a yi ta samu wasu kafin sanyi ya shigo. Akwai kuma Ismaghil. Ba sai kin gaya masa zargin da kika yi ba, wannan zai sauke miki nauyi ne ya ɗora masa. Ki gaya masa a gaban abokan aiki cewa shawararsa ta la'asar ita ce daidai kuma kin ƙi ji. Mutum irinsa zai gane sauran.

Sauƙin da kike ji kuwa ba abin kunya ba ne. Jikinki ne yake gaya miki cewa abin da kike yi a da ba mai ɗorewa ba ne, ko a gare ki. An koya muku yadda rijiya za ta daɗe, ba wanda ya tambaya ko matar da ke hawan kabu-kabu kwana bakwai a sati za ta daɗe. Ɗan ɗacin da kike ji shi ma ki bar shi ya wuce. Duk wanda ya yi renon abu ya ga ya miƙe da ƙafarsa yana jin haka.

Yanzu rahoton. Kin ce shafin ƙarshe ba shi ya fi damun ki ba. Ni kuwa shi ya fi damuna. Ki sake karanta takardar daga ƙarshe zuwa farko, za ki ga duk yabon da aka jera miki hanya ce ta isa wannan shafi. Fili talatin ɗin da kika kora ta ƙofa ne suka dawo da sabuwar riga, kuma wannan karon ke ake so ki ɗauke su ki kai Yamai da bakinki. Rijiyar tana kan ƙulli goma sha uku, masu ita sun ce goma sha huɗu ne iyaka. Ina ruwan da za a faɗaɗa da shi? Wannan shafi kada ya fita da sunanki.

Ba na ce ki je ki tozarta shef a gaban manya ba. Za ki ci gaba da gaisawa da shi, kuma wanda zai gaje ki a ƙarƙashinsa zai zauna. Ki same shi a biro, ku biyu, da natsuwa. Ki ce masa labarin gaskiya ya fi wanda ya rubuta ƙarfi, don duk waɗanda za su zauna a ɗakin nan sun gaji da jin an horar da jama'a bisa tsari. Kowannensu ya san aikin da ya mutu wata shida bayan an yanke ƙyalle, amma kaɗan ne suka taɓa jin wanda ya faɗi ya tashi da kansa. Ba dole ki ambaci abin da ya ce wa Ismaghil ba. Ki faɗi naki kuskuren, ki bar nasa tsakaninsa da Allah. In tallafi yake so, a nemi na abin da ake bukata da gaske: tanki na biyu, kayan gyaran inji a ajiye a kusa, mutum biyu cikin masu garake a koya musu gyara, da gwajin lafiyar ruwan lokaci-lokaci, wanda a garinku na ramukan ma'adini ba sai na gaya miki dalili ba. In ya yarda, ki nemi a tafi da Fadimata ko Alhassane. In ya ƙi, ki ce ƙafarki ba za ta iya tafiyar ba, ya tura wani, amma hannunki kada ya hau takardar.

Maganar Tawa, ki tafi. Maigidanki ya yi haƙuri, 'yarki tana da haƙƙi a kanki, kuma ba ki yi wa kowa alkawarin mutuwa a bakin rijiya ba. Sai dai kada murna ta rufe miki ido. Wata huɗu na zaman lafiya bayan an ji tsoro ba shi ne ɗorewa ba. Tsoron kwana taran nan ne ke riƙe da dokar yanzu, kuma tsoro yana sanyi. Za a yi bazarar da makiyaya za su zo da dabbobi ninki biyu. Alhassane zai tsufa. Za a kawo sabon shef da bai san komai ba. Abin da ya rage miki shi ne abin da su ba za su iya yi wa kansu ba. Ki sa a rubuta dokarsu yadda suka tsara ta, kada ki gyara ko kalma, da Faransanci da Hausa da yaren Abzinawa, a karanta a gabansu, hukuma ta buga hatimi, don wanda zai zo bayanki ya tarar da ita a matsayin doka. Ki rubuta wa na sama cewa Ismaghil ne ya cancanci kujerarki, ki kawo hujja. Ba lallai su ji ba, amma takardar za ta zauna a fayil.

Ki shigar da takardar neman canji tun yanzu. Kin san gwamnati, kafin ta fito an yi watanni, kuma watannin nan sun ishe ki wannan aiki. Ki kira Malam Halidu ki gaya masa kin shigar, ki kira Ilham ita ma da kanki.

Abu ɗaya na ƙarshe. Kada mutanen garake su ji labarin tafiyarki a bakin wani. Ki gaya musu da bakinki, da wuri. Za su so su yi miki sallama irin tasu, wataƙila su yanka akuya, wataƙila wani ya tashi ya yi maganar da za ta sa ki kuka. Kada ki ce ba ki cancanta ba, kada ki ce aiki ya yi miki yawa. Ki sa zanenki mai kyau ki je, ki zauna, ki ci abin da suka dafa miki.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya sada ki da iyalinki cikin alheri, Ya sa albarka a ruwan mutanenki.

Hajiya 'Yargata